Zolile Mabandla da Kambun Kilo Sittin da Ɗaya

Duk wanda ya ce maka Zolile Mabandla bai ci kambu ba ne don bai iya faɗa ba, ka turo min shi, ina nan. Ni na ɗaure masa hannu tun ranar da ya fara shiga kejin faɗa, ni nake tsayar masa da jini idan gira ta fashe, don haka ba labarin ƙanzon kurege nake ba ka ba. A ajin kilo sittin da ɗaya, shekara da shekaru, babu wanda ya isa ya tsaya gabansa a ƙasar nan. Kambun ne kawai bai taɓa ɗaurawa ba, kuma shi kaɗai yake so a duniya.

Sunana Mongezi. Na tsufa ne a gidan horon Ta Fezile da ke bayan mahautar unguwar NU 9 a nan Mdantsane, a Afirka ta Kudu, da akwatina na bandeji da auduga da man shafawa. Ta ɗin nan shi muke sa wa manya a gaban suna, ni ma yanzu furfura ta sa an liƙa min.

A garin nan yaro yakan iya dunƙule hannu kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi. Zolile ma da dambe ya fara kamar kowa, sai dai Allah bai ba shi tsawon hannu ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, wuyan nan kamar kututture. Kafin ya kai naushi ɗaya an auna masa uku, kuma da ya tsaya a dambe da yanzu ba ya tuna sunan matarsa. Sai ga damben keji ya shigo, inda aka yarda ka naushi mutum, ka shure shi, ka ɗaga shi ka maka da ƙasa, ka shaƙe shi har sai ya bubbuga ƙasa da tafin hannu alamar ya saduda. Tsofaffin 'yan dambe suka ce wannan ai faɗan mashaya ne. Ta Fezile ya yi banza da su ya sayo shimfiɗu, Zolile kuwa ya zama kamar don shi aka ƙirƙiro abin. Da rana faci yake yi a wani garejin manyan motoci a hanyar East London. Mutumin da ya yini yana kokawa da tayar tirela, ɗan Adam mai kilo sittin da ɗaya ba ya yi masa nauyi.

Ba shi da cika baki, wannan ma wani naƙasu ne a sana'armu. Sauran yara in an miƙa musu lasifika sai su yi ta rantsuwa za su ci mutum ɗanye. Shi kuwa sai ya ce ya gode wa Allah, ya gaida mutanen NU 9, ya miƙa musu abinsu. A ɗakin shiri, ina ɗaure masa hannu yana rera waƙar coci da wata murya da ko Allah sai ya yi haƙuri da ita. In ya gama da mutum kuma, sai ya bi shi har ɗakinsu ya tambayi wuyansa.

Shi ya kawo Odwa gidan horon. Odwa Ntabeni ɗan maƙwabtansu ne, ubansa ya rasu tun yana ƙarami, Zolile ya girme shi da shekara tara. Lokacin da Odwa ya isa zuwa daji a yi masa kaciyar zama namiji, kawunansa suka duba duk unguwar suka zaɓi Zolile ya zama mai kula da shi. Abin da ake yi a can ba na faɗa ba ne, kuma ba zan faɗa ba. Abin da kowa ya sani ya ishe ka: shi ya zauna da shi a bukka, shi yake duba masa rauni, shi yake hana shi ruwa a kwanakin da ake hanawa, shi kuma ya ce masa ya sha ranar da aka halatta. Wanda ya yi maka wannan, har ka mutu ba ka kiran sunansa gatsal. Bhuti Odwa yake ce masa, kamar yadda ƙani ke kiran wansa.

Odwa dogo ne, siriri, ƙafarsa ta fi hannun wasu sauri, kuma ajinsu ɗaya da Zolile. Babu wanda ya ga matsala a nan, domin Ta Fezile yana da doka guda da ba ya sassautawa. Waɗanda suka haɗa zufa a shimfiɗarsa ba za su zubar da jinin juna don baƙi su yi tafi ba. Wanda ya ga lalle sai ya yi faɗa da ɗan gida, to ya fara ɗaukar jakarsa ya fita, kuma ba dawowa. Ba shi kaɗai ba ne, yawancin gidajen horo haka suke. Kowa na ganinta doka mai kyau, har ni a lokacin.

Shekarar da Zolile ya cika talatin da ɗaya, Rudi ya kira. Rudi shi ne mai haɗa wasa na kamfanin da ke shirya faɗan a Johannesburg. Shi ke cewa wane zai kara da wane, kuma saboda shi ne ɗan faɗa ko banɗaki zai shiga sai da waya a hannu. Ya ce lokacin Zolile ya yi, za a ba shi mai riƙe da kambu. Mun yi murna har Ta Fezile ya sayi nama, abin da bai taɓa yi ba. Saura 'yan makonni, ƙarfen cire taya ya kuɓuce a gareji ya karya masa yatsu biyu na hannun dama.

Rudi ya ce zai nemo wani daga Durban. Zolile na zaune da hannu a naɗe, ya ce, "Ta Fezile, don me za a ba baƙo? Ku ba Odwa."

"Yaron bai nuna ba tukuna."

"Ya je ya sha duka ya koyi hankali. In na warke sai in je in karɓo mana."

Haka muka ɗauka duka, har shi Odwan. Sai yaro ya je ya ɗaga ƙafar hagu a turmi na biyu ya ɗora wa zakaran a kunne, mutum ya zube bai sake motsi ba sai da aka yayyafa masa ruwa. Zolile ne ya fara faɗawa cikin kejin. Da karyayyen hannunsa ya ɗauki Odwa a wuya ya zagaya da shi, yana kuka yana dariya. Ina gefe ina tafi, ban kawo komai a raina ba.

A mota muna dawowa, Ta Fezile ya dafa kafaɗar Zolile. "Kada ka damu. Yaron nan girma yake, dubi ƙashinsa. Baɗi zai hau ajin sittin da shida ya bar maka wurin."

"Sauri nake yi, Ta Fezile?" in ji Zolile.

Ya warke ya koma keji. Tunda ba za a haɗa shi da Odwa ba, sai Rudi ya riƙa turo masa duk wanda ya taso yana neman kambun. Ya turo Kabeya, ɗan Kongon nan na Cape Town da ake ta zuzutawa, Zolile ya naɗe shi. Ya turo Wessels, wani dogon Bature bahago daga Bloemfontein, Zolile ya murɗe masa wuya a turmi na uku. Duk wanda ya kayar, an rage wa Odwa haɗari ke nan. Wanda kuwa ya samu ya tsallake har aka ba shi Odwa, Zolile ne zai zama shi a wurin atisaye. In bahago ne ya koma bahago, in mai kokawa ne ya yini yana kayar da Odwa, har yaron ya haddace mutumin tun kafin ya gan shi.

Ranar Asabar maza kan taru a mahauta, kowa ya sayi tsokarsa ya ɗora a wuta. Hirar ɗaya ce kullum, wa ya dace a ba Odwa.

"Kabeya ya kamata a ba shi. Mutumin nan yana da hannu."

"Wane Kabeyan? Wanda Zolile ya naɗe kamar tabarma? Kai dai juya namanka, yana ƙonewa."

"To Wessels."

"Wessels har yau da duk jikinsa yake waiwaye."

"Akwai yaron nan na Soweto, an ce bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba."

"Bai haɗu da mai faci ba ne. Bari a ba shi, sai uwarsa ta zo da kanta ta tattara shi."

"To in duk kun hana, wa ya rage?"

Nan sai kowa ya ga namansa na bukatar kulawa. Wanda ya rage, wato Zolile, yana zaune a kan akwatin lemo, ba nama a gabansa, yana shan ruwa yana murmushi.

Baɗi ta zo ta wuce, wata ta zo. Odwa ya girma kam, a nan Ta Fezile bai yi ƙarya ba. Amma bai hau ba. A ajin sittin da ɗaya shi ne zakara, ana nuna shi a talabijin, a sittin da shida kuwa zai zama siririn yaro a cikin ƙatti. Sai ya zaɓi ya riƙa matse kansa. Jikin da ke yawo da kilo saba'in da wani abu, kowane faɗa sai an tatse shi ya dawo sittin da ɗaya ranar hawa sikeli.

Ga abin da ke ƙona min rai har yau. Wa yake tatse shi? Zolile. Ba mu da ɗakin zufa irin na masu hali. Tsohuwar motar Ta Fezile muke ajiyewa a rana, a rufe gilasai, a kunna hita, Odwa ya shiga sanye da rigar leda. Zolile ke shiga tare da shi, yana share masa zufa, yana duba idonsa da harshensa. In mun je Johannesburg kuma, bahon ruwan zafi ne da gishiri a ɗakin otal. Mutumin da ƙishi ya kama ba shi da hankali, Odwa kuwa ya fi kowa. Zai ce shi ba ya fita sai ya ga sikeli ya sauka, ya zagi Ta Fezile, ya zage ni, ya zagi kakannina da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Amma da zarar Zolile ya ce, "Ya isa, fito," zai fito ba musu. Ya kwantar da shi, ya jiƙa masa leɓe, ya huta, sannan a koma. Da hannunsa yake riƙe yaron a ajin da ya tare masa hanya, kuma bai taɓa yin ha'inci ba. Ni da ni ne, Allah ya sani, da na bar shi ya zarce awo sau ɗaya kowa ya huta.

Matarsa Nolitha tana aiki a wani babban kanti a cikin gari, kuma bakinta ba shi da murfi. Wata Lahadi bayan coci na je gidansu. Ta dafa umngqusho, masara da wake sun dahu lugub da kitse, ta zuba min, ta zuba wa 'ya'yansu biyu, ta ajiye wa mijinta dafaffen kabeji da ƙwai.

"Ta Mongezi, kai babba ne, ka gaya min gaskiya. Mijina ɗan faɗa ne ko mai gadi?"

"Nolitha," in ji Zolile.

"A'a, bar ni in tambaya. Na ga duk wanda ya nufi ƙofar Odwa, kai kake tare shi. In gadi ne, a saya maka hula da kulki mu san matsayinmu. Shekara biyar kana cin abincin asibiti, yaranka sun zata ciwo gare ka. Uwar Odwa ta canza rufin gida, ni kuma hadari na tasowa sai in hau jera bokitai."

"Baɗi zai hau."

"Baɗin nan taka, ko giwa ce ai ta isa ta haihu."

Na sunkuyar da kai na ci masarata. Matar tana da gaskiya.

Ba a daɗe ba Rudi ya sake kira. Ina garejin ranar, Zolile ya buɗe muryar wayar don hannunsa duk baƙin mai ne.

"Zolile, abokina, ka cinye min aji. Babu wanda zan ba Odwa mutane su yarda, duk ka kayar da su. Faɗa ɗaya ya rage da jama'a ke son gani, kai ma ka san shi."

"Ta Fezile ba zai yarda ba."

"Ba Ta Fezile ke da shekara talatin da shida ba. Ina da sababbin yara suna tasowa. Ko ka karɓa bana, ko in tsallake ka, kuma in na tsallake mutum ba na waiwaye. Ba rashin mutunci ba ne, sana'a ce."

Zolile bai je wurin Ta Fezile ba, wurin Odwa ya fara zuwa. Bayan atisaye ne, suna zaune a bakin shimfiɗa, ina kwance wa Odwa bandeji, don haka a kunnena aka yi.

"Odwa, ka hau sittin da shida. Jikinka ya gaji da matsewa. Ni ke ganin idonka, na sani."

"Bhuti, ka ga mutanen can kuwa? Shanu ne fa. Ka ba ni shekara ɗaya."

"Na ba ka biyar."

Odwa ya kawar da kai. "To ni ba inda za ni."

"In ba ka hau ba, zan karɓi faɗan."

Odwa ya fizge hannunsa daga nawa. "Da ni? Kai da ka zauna da ni a daji? Kai fa ka ce a ba ni, bhuti, da bakinka. Kyauta ce ko ajiya?"

"Ban sani ba," in ji Zolile. "A lokacin ban tambayi kaina ba."

Ta Fezile yana jin su daga inda yake gyara buhun naushi. Bai ɗaga murya ba, ko juyowa bai yi ba. "Mabandla, ka san inda ƙofa take."

Na zata zai roƙa. Sai ya tashi ya tattara safar hannunsa da robar baki ya zuba a jaka, ya tsaya a tsakiyar ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ya ce, "Na gode, tata." Uba ya kira shi da yarenmu, amma Ta Fezile ya ci gaba da gyara buhunsa. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na rufe akwatina na bi shi. Fezile ya ce, "Har da kai, tsohon banza?" Na ce, "Ai dole wani ya ɗaure masa hannu." Abotarmu ta shekara ashirin da ɗoriya a nan ta tsaya.

Mdantsane ba ta yafe ba. Da a ce Odwa ne ya nemi faɗan, da an ce ƙuruciya ce. Amma wanda ya kula da yaro a daji ya tashi zai fasa masa fuska a talabijin? Dattawa suka ce ba a taɓa ji ba. Mutanen mahautar nan da suka shekara biyar suna zungurar juna a kan wanda ya rage, su suka fara juya masa baya, munafukan banza. Uwar Odwa, wadda Zolile yake ce wa mama, in ta hango shi sai ta tsallaka titi. Wani ya rubuta masa zagi da fenti a bangon gida, Nolitha ta wanke da kanta tana tsine wa mai rubutun har jikokinsa. A bayan gareji muka yi shiri, a kan kwalaye da tsofaffin tayoyi, abokan atisayensa direbobi biyu ne da wani ɗan Zimbabwe mai gadin wurin. Duk da haka ban taɓa ganinsa da ƙarfi irin na lokacin ba. Ba magana, ba dariya, ba waƙar coci, sai aiki. Na san Odwa ciki da waje, kuma ina gaya maka da an yi faɗan nan da Zolile ya ci.

Kamfanin kam kakarsu ta yanke saƙa. Suka manna hotunansu ko'ina, wa da ƙani, tikiti ya ƙare tun da sauran lokaci.

Ana saura mako guda, muna hutawa a inuwar wata tirela, Zolile ya ce, "Ta Mongezi, wa zai shiga motar zufa da Odwa?"

"Ina ruwanka? Ka ji da naka nauyin."

"Ka je ka gaya musu, in maganarsa ta fara harɗewa su fitar da shi ko yana zagi. Kada su biye masa."

Na je, ba don raina ya so ba. Ta Fezile ya tare ni a bakin ƙofa, na faɗi saƙona. Ya ce, "Abokin gaba ne zai koya mana sauke nauyi? So yake yarona ya zarce awo ya rasa kambu a kan sikeli. Koma ka ce mun gode."

Safiyar hawa sikeli, a zauren wani otal a Johannesburg, aka kira Zolile. Ya tuɓe ya hau, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Sittin da ɗaya cif. Ya sauko ya tsaya inda ake tsayawa a fuskanci abokin karawa don masu ɗaukar hoto. Aka kira Odwa. Aka sake kira. Zolile na tsaye shi kaɗai da hannu a dunƙule yana kallon ƙofa. Sai na hango Rudi a gefe da waya a kunne, fuskarsa ta canza.

Daga baya na ji yadda aka yi daga bakin 'yan gidan. Saura kaɗan Odwa ya kai awo, ya ƙi fita daga baho. Suka ce ya fito, ya zage su. Ta Fezile ya ce ya isa, Odwa ya ce a bar shi ya ƙara. Suka ƙyale shi, domin a cikinsu babu wanda ya taɓa iya fitar da shi. Da suka ga kansa ya langaɓe suka jawo shi, ba ya jin kira. Ƙodarsa ce ta tsaya.

Zolile bai tsaya shan ruwa ba. Da gajeren wando da riga a hannu ya fita ya tari mota, ina binsa da gorar ruwa ina haki. A barandar asibiti muka tarar da Ta Fezile a zaune, ya tsufa a safiya ɗaya. Ya ɗago ya dubi Zolile, ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Yana raye?"

"Yana raye."

"Bari in gan shi, tata."

"Da kana nan da ya fito," in ji Ta Fezile. "Je ka sha ruwa, Mabandla. Nan na 'yan gida ne."

Na ce, "Fezile, ka ji tsoron Allah. Wa ya bar yaron nan shekara biyar a ajin da ba nasa ba? Wa ya kore ni da saƙo?" Zolile ya riƙe min hannu ya ce in bari. Muka fito. A bakin ƙofar asibitin ya karɓi gorar ya sha.

Odwa ya tashi, amma likitoci sun ce shi da keji har abada. Yanzu motar kai kaya yake tuƙawa, kuma har yau bai yi wa Zolile magana ba. Kambu ya zama ba mai shi. Duk mai hankali ya san wanda ya kamata a fara ba wa dama, amma Rudi da nasa lissafin.

"Abokina, labarin wa da ƙani na sayar," in ji shi a waya. "Ba ƙanin, me zan sayar? Kuma ka ji abin da mutane ke cewa a kanka. In na sa sunanka a sama, ihu za a yi min." Ya haɗa yara biyu, ɗaya daga Soweto, ɗaya daga Durban. Na Soweton kuwa, Zolile ya taɓa shaƙe shi tun ba a gama turmin farko ba. Rudi ya ce, "Amma ga abin da zan yi maka. Ka zo a matsayin ɗan ko-ta-kwana. Ka sauke nauyi, ka hau sikeli kamar kowa. In ɗayansu ya kasa awo ko ya ji ciwo, kai za ka shiga."

Nolitha ta ce wulaƙanci ne. Ni na ce kada ya je. Ya je. Yana shekara talatin da bakwai ya sake tatse kansa, shi kaɗai a baho, ni ina bakin ƙofa ina sauraren numfashinsa. Ya hau sikeli ya cika awo. Yaran biyu ma suka hau, lafiyarsu ƙalau, suna wasa da masu hoto. Washegari aka ba mu kujeru can baya kusa da masu sayar da lemo, muka kalli na Soweton ya ɗaura kambu. Zolile ya yi masa tafi. Ni ban yi ba.

Yau shekara biyu ke nan, Rudi bai sake kira ba. Babu gidan horon da zai karɓe shi a garin nan, na nesa kuma ba sa neman mai furfura a gemu. Ni ma yanzu ba kasafai ake kirana ɗaure hannu ba, sai in je garejin in zauna wurinsa in kashe yini.

Makon jiya ya tare ni da fara'a tun daga nesa.

"Ta Mongezi, ka ji labari? An ce gwiwar na Durban ta tafi. To duba ka gani. Za su ba na Soweto Kabeya, Kabeya zai faɗi, ya tsufa. Wessels ya hau aji. Sabon yaron nan na Namibiya kuwa ba shi da takardun shigowa. Ka ga ba su da kowa. Dole su nemi wanda ya taɓa kayar da zakaran, su ce ramuwa ce. Wa ya taɓa kayar da shi in ba ni ba?"

Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa na ƙyalli. Tausayinsa ya kama ni, tausayin kuma ya juye ya zama fushi, don ni haka nake.

"Zolile, ba za su kira ka ba. Ko duk ajin ne ya kwanta asibiti rana ɗaya, Rudi zai je Angola ya nemo wani. Kana ji na? Ya ƙare. Ka je gida ka zauna da matarka kamar mutum."

Fara'ar ta tafi, amma bai yi fushi ba.

"Na sani, Ta Mongezi. Na daɗe da sani. Amma na bar tata, na bar gidan, yaron da na raina da hannuna kullum yana hanyar asibiti saboda ƙoda. In na daina jira, sai in ce don me na yi duk wannan?"

Wata tirela ta shigo da taya a kwance, direban yana ta danna hon. Zolile ya miƙe, ya ɗauki ƙarfensa ya nufi wajenta.